Neman Abin Ɗumama Ɗakin Inna a Jidda

Mun tashi da asuba daga Jos, ni da abokin tafiyata, wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana cewa bana zai je Umra, banar ba ta zuwa. Sanyin ranar ya kai inda sai da muka tura motar haya kafin ta yarda ta tashi. Kafin in fita na leƙa ɗakin Inna. Na same ta a kan buzu, lulluɓe da bargo biyu, tana jan carbi tana tari. Ta miƙo mini wasiƙa naɗe cikin ƙyalle, ta ce in damƙa ta a hannun Ilu, kuma in dubi fuskarsa da kyau in gani ko ya yi kama da Babansu.

Ilu ƙaninta ne, wato kawuna. Yana yaro ya bi mahaifinsu hanyar Makka a ƙasa ta Sudan. Mahaifin ya rasu a can, shi kuwa ya zauna a Jidda, ya yi aure, ya hayayyafa. Rabon Inna da shi tun tana amarya.

Ni tela ne. Tun da na dawo mutane ke tsayawa a bakin shagona suna tambaya: kowa yana dawowa daga Saudiyya da rediyo da agogo, ni me ya kai ni jigilar wani ƙarfe mai haƙarƙari? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bara da sanyi Inna ta kwana da kaskon gawayi a ɗaki, ƙofa da taga a rufe, kamar yadda ta saba. Da safe matata ta kai mata koko, ta tarar ba ta motsi. Allah ya sa da sauran kwana. Likita ya ce iskar da gawayi ke fitarwa ce, ba a ganin ta, ba a jin warinta, sai dai mutum ya yi barci ya zarce. Muka raba ta da kasko. Na sayo mata hita mai jar waya, makunninta ɗaya: kunna, kashe. In ta kunna, ɗakin ya gasu har maƙogwaronta ya bushe. In ta kashe, kafin kiran salla sanyi ya dawo. Ranar da wayar ta ƙona mata gefen zani ta ce a fitar mata da ita, ta koma wa bargo da tari. Saboda haka na tafi da niyya biyu bayan ibada: in ga Kawu, in kuma samo abin da zai ɗumama tsohuwa ba tare da ya kashe ta ba. An ce mini babu abin da ba a sayarwa a Jidda.

Mun bi ta Saminaka, inda muka karya da shayi da ƙosai mai zafi, muka wuce Zariya, muka kwana Kano. Abokin tafiyata yana sanye da kwat ɗin soja na gwanjo, da hular sanyi, da safa biyu. Haka ya hau jirgi. Da jirgin ya ɗaga sai ya kama hannuna ya riƙe, bai sake shi ba sai da muka sauka Khartum shan mai. Ni ma ba don kunya ba da na riƙe nasa, don wannan ne hawana na farko.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda, iskar da ta tare mu kamar an buɗe madambaci ce: ɗumi da laima da ƙanshin gishiri. Wai kuma lokacin sanyinsu ke nan. Kafin a buga mana hatimi dattijo ya jiƙe sharkaf. Ya tuɓe kwat ɗin, ya rantse ba zai ƙara taɓa shi ba sai a Jos.

Filin jirgin a cikin gari yake, kana fita sai tituna. Ko'ina tono ake yi, ko'ina buhunan siminti da rodi. Dogayen motocin Amurka suna kutsawa tsakanin ramuka suna ham. Ta gefen teku na hango jiragen ruwa jere can nesa, direba ya ce layi suke bi, wasu sun yi watanni suna jiran a sauke kayansu. Kusan kowane sabon gini yana da wani akwati da ya turo ƙeya ta bango yana gurnani yana ɗigar da ruwa. Wannan shi ne kandishan, su mukayyif suke ce masa.

Kawu yana zaune a Hindawiyya, tsohuwar unguwa kusa da tsohon gari. Muna shiga lungun na ji wata mata tana kiran ɗiyarta da Hausa, ɗiyar tana amsawa da Larabci. Ga mai waina, ga mai funkaso, ga kuma Bayamane da tandarsa yana fito da tamis, wata faffaɗar gurasa da ake ci da ful, wato wake da aka dafa har ya narke aka zuba masa mai. Abinci da araha. Goro ne zinariya: ƙwaya ɗaya ta fi kwanon ful tsada. Da na buɗe tsarabar goro da kuka da daddawa sai ga maƙwabta suna shigowa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na dubi fuskar Kawu da kyau kamar yadda aka umarce ni. Sai a nan na tuna ban taɓa ganin kakan nawa ba, balle in gwada. Abin da na gani fuskar Inna ce sak, an sa mata farin gemu. Da ƙuruciyarsa ga-ruwa ya yi a Jidda, yanzu yana da ɗan shagon turare da huluna. Hausarsa ta mutanen da ce. Ya tambaye ni ko ƙaramin jirgin ƙasan nan yana nan yana zuwa Zariya, na ce an cire layinsa tun ina saurayi. Idonsa ba ya karatu sosai, sai ya ba ni wasiƙar na karanta masa. Da na zo inda Inna ta ce har yanzu tana ajiye da allonsa, sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana," ya ce. "Bari in sha ruwa."

Ya shiga ciki, ya daɗe bai fito ba.

Kashegari muka tafi Makka muka yi Umra. Ba zan tsawaita a nan ba, wanda ya je ya san abin da zuciya ke ji, wanda bai je ba Allah ya kai shi. Bayan mun dawo, muna cin kifi da shinkafa a tire ɗaya, na faɗi abin da nake nema a kasuwa. Babban ɗan Kawu, Hamza, taubashina, sai da shinkafa ta sarƙe shi don dariya. A Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi da rabi ce.

"Ɗan Gwaggo, kai majnun ne? Mutane suna sayar da gona su sayi sanyi, kai ka zo Jidda neman zafi? Buɗe taga ka ɗiba, balash!"

Balash wai kyauta. Na ba su labarin kaskon Inna. Dariya ta tsaya. Kawu ya ajiye lomarsa, ya dubi Hamza, ya ce masa wani abu da Larabci. Hamza ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Gobe ka bi ni wurin aiki."

Aikinsa gyaran mukayyif da firji. Gidan farko da muka shiga na wata Balarabiya ce da ke ta faɗa wai injinta ya lalace, gurnani yake yi ba iska. Hamza ya cire fuskar akwatin, sai ga ƙanƙara ta daskare a ciki fari fat. Ya nuna mini maɓallai biyu da ake murɗawa. Ɗaya na fanka ne. Ɗayan yana da lambobi, an murɗe shi har ƙarshe. Sunansa tamostat.

Na ce, ai ni ma da haka zan yi, in ina son ɗaki ya yi sanyi da wuri.

"La, la," in ji Hamza. "Wannan lambar ba ta ce wa inji yi sauri. Ce masa take yi, in ka kai nan ka huta. Ka kai ta ƙarshe, ya'ani ka ce masa kada ya huta har abada. Ya sha wuta, ya yi ƙanƙara, ya mutu."

Na tsaya ina juya maganar. Sai na gane ta ta hanyar sana'ata. In an ce riga ta sauka har idon sawu, gudun ƙafata a kan keken ɗinki bai ƙaru ba, wurin da zan tsaya ne ya canza. Bayan ƙanƙarar ta narke Hamza ya mayar da maɓallin tsakiya, muka zauna aka kawo mana shayi a 'yan ƙananan kofuna. Can sai muka ji ƙas! Gurnanin ya tsaya, fanka kaɗai ke juyawa. Matar ta zabura, ta ce ya sake mutuwa. Hamza ya ce mata hutawa yake yi, kuma wannan ƙarar ita ce alamar lafiyarsa.

Abin ya tsaya mini a rai. Yaya ƙarfe zai san ɗaki ya yi sanyi? A shagonsa na dame shi da tambaya, har ya jawo wani tsohon dutsen guga na lantarki ya kwance. Ya fito da wani siririn ƙarfe kamar ganyen ciyawa, ya ce ƙarfe iri biyu ne aka manne, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa in ya ji zafi. Ya ƙyasta ashana ya sa a ƙarƙashinsa. Ina kallo ƙarfen ya lanƙwashe a hankali, ya rabu da inda yake taɓawa. Ashana ta mutu, ya huce, ya koma ya manne. Wato in ya lanƙwashe ya yanke wuta, in ya dawo ya haɗa ta. Maɓallin da ake murɗawa shi ke nisanta ko kusanta wurin da za su rabu. Ya ce na mukayyif wani siririn bututu ne ke jin sanyin, amma dabarar ɗaya ce. Na sa ya maimaita har ashana huɗu. Shekara nawa ina guga da dutsen gawayi, ina gwada zafinsa da yawu a yatsa, ashe akwai ƙarfen da ke yin wannan aikin da kansa.

Da muka koma gida ya kai ni banɗakin mahaifinsa, ya nuna mini tankin dafa ruwa da ke manne a bango. Shi ma yana da maɓalli a ƙasa. Ya ce shekara da shekaru Kawu yana barin sa a ƙarshe, ruwa ya fito kamar na fige kaza, sannan a surka shi da na sanyi. An ƙona wuta an tafasa, an kuma ɓata ruwa an huce. Hamza ya sauko da shi sama da tsakiya kaɗan. Ya ce kada a yi ƙasa da shi sosai, don ruwan da ya kwana ɗumi-ɗumi a tanki ba shi da kyau ga lafiya. Kawu yana bakin ƙofa yana sauraro, ya ce shi dai a zamaninsa rana ce ke dafa musu ruwa a garwa, kuma ba ta taɓa aiko da takarda ƙarshen wata ba.

Kwana biyu muna yawon kasuwa, daga Bab Sharif zuwa titin Gabil, ta ƙarƙashin tsofaffin benaye masu tagogin katako da aka sassaƙa don iska ta ratsa. Mutanen zamanin da sun san zafi, sun gina gidajensu yadda zai fita da kansa. Abin ɗumama ɗaki kuwa daffaya suke ce masa, kuma sai an tona bayan shago ake samun sa, ƙura ta rufe. Wani Bahadrame mai shago, wato ɗan kudancin Yaman, ya jero mana iri uku. Ga mai jar waya, ƙanwar wadda ta ƙona zanin Inna. Ga ta kananzir, koriya, mai lagwani kamar risho, kyakkyawa, har ana iya ɗora butar shayi a kanta. Ga kuma wata mai nauyi a kan 'yan tayoyi, mai haƙarƙarin ƙarfe, an ce mai ne a rufe a cikinta, wuta ke ɗumama man, man ya ɗumama ƙarfen.

Hamza ya koya mini kifa kowace in karanta farantin da ke gindinta. A Jidda wuta iri biyu ce, akwai mai 110, akwai mai 220, har a gida ɗaya kana iya samun soket ɗin kowace. Tamu ta gida babbar ce. Ya ce alhazai da yawa sun kai kayan ƙaramar wuta gida, sun soka, sun ga hayaƙi.

Zuciyata ta kwanta da ta kananzir. Ba nauyi, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta, wanda kun san halin da muke ciki. Har na fara ciniki, Hamza ya ja ni waje.

"Mutumin Jidda bai san bard ba, sanyi ya'ani. Ni ma ban sani ba. Ƙanwata Safiya tana aure a Ɗa'ifa, kan dutse. Yalla, mu je ka ga masu sanyi na gaske."

Muka tafi mu uku da dattijo, a motar Hamza. Bayan Makka da Arfa sai hanya ta fara hawa dutsen Hada. Ban taɓa ganin hanya irin wannan ba, tana naɗewa kamar rawani, dama dutse, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Birai na zaune a gefen titi suna jiran a jefa musu gurasa, wani babba ya ɗane kan motar ya leƙo mu kamar ɗan sanda. Kunnuwana suka toshe. Muna ƙara sama gajimare ya sauko har kan hanya, Hamza ya kunna fitila da rana tsaka. Na ji wani sanyi da na sani ya shigo ta taga, sanyin gida. Na waiwaya, sai ga dattijo ya naɗe hannuwa cikin 'yar shararar riga yana karkarwa. Kwat ɗin yana Jidda rataye a ƙusa.

Mijin Safiya Bahaushen Sudan ne, direban babbar mota. Mahaifiyarsa tana tare da su, tsohuwa mai ciwon gwiwa, sa'ar Inna. Da Safiya ta ji abin da ya kawo ni, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Zo ka gani, ɗan Gwaggo," ta kai ni ɗakin surukarta.

Ɗakin ba zafi, ba sanyi. Tsohuwa tana zaune da mayafi ɗaya tana tsince shinkafa. A gefe ga mai haƙarƙarin nan, ba ja, ba wari, ba ƙara. Na ɗora hannu, zafinta kamar na bangon da rana ta daka. Safiya ta nuna mini makunni biyu: ɗaya rabin ƙarfi, in aka haɗa biyun cikakken ƙarfi. Da safe in ɗaki ya yi sanyi ƙwarai takan danna biyu, in ya ɗumama ta bar ɗaya. Sai maɓallin tamostat. Ta ce lambobinsa ba ma'aunin zafi ba ne, kowane ɗaki da tasa lambar. Yadda take yi, takan murɗa shi sama, ta jira har tsohuwa ta ce ya yi mata daidai, sannan ta dawo da shi a hankali har ta ji ƙas. Nan ne wurinsa. Ta ɗiga masa fenti a wurin don kowa ya gani.

Sauran dabarun nata ba na kasuwa ba ne. Tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Labule mai kauri a taga, a buɗe shi in rana ta fito, a rufe kafin magariba. Ba a ajiye daffayar inda iska ke shigowa, don za ta ɗauka ɗakin duka sanyi ne, ta ƙi hutawa. Ba a shanya tufafi a kanta, don za ta ɗauka ɗakin ya yi zafi ta kashe kanta, ga kuma haɗarin gobara. Ɗakin da ba kowa kuwa ba a ɗumama shi.

Bayan Azahar aka kawo salig, shinkafa da aka dafa da madara da romon kaza har ta yi laushi kamar fate. Dattijo ya ci ya ƙoshi, ya ce zai ɗan kishingiɗa. A ɗakin baƙi ta kananzir ce, maigidan ya kunna masa ita, wutarta shuɗiya, ya bar taga a ɗan buɗe. Mu muka zauna a tsakar gida muna shan rana.

Aka kira La'asar, dattijo bai fito ba, shi da ba ya bari a riga shi alwala. Na je na tura ƙofa. Warin kananzir ya buge ni. Ya rufe tagar ruf, ya murɗa lagwani sama har wutar ta koma rawaya tana tara baƙi a rufi. Na kira shi, ya buɗe ido da ƙyar, ya ce kansa kamar an ɗora masa dutse. Ya yunƙura, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ni da Hamza muka ciccibe shi zuwa waje, ya yi amai, muka sa shi a mota sai asibiti. Sun riƙe shi har bayan magariba, suka ce mun yi sa'a da muka shiga da wuri. Duk tsawon zaman nan ba dattijo kaɗai nake gani a kan gadon ba.

Da muka dawo Safiya ta ce kada in ɗora wa daffayar laifi. In wutarta shuɗiya ce, taga a buɗe, kuma ba a yi barci da ita ba, tana da amfani, su ma da ita suke zama in an ɗauke wuta. Sannan ta tambaye ni, "Gwaggo za ta bar taga a buɗe in tana jin sanyi?"

Na san amsar. Dattijon da ya san labarin Inna tun daga farko, shi ma bai bari ba.

Muna komawa Jidda na wuce wurin Bahadramen nan. Na kifa mai haƙarƙarin da kaina, na ga 220, na duba makunni biyu, na murɗa tamostat kusa da kunnena har na ji ƙas. Mai shagon ya tambayi Hamza ko ni ma mai gyara ne. Matsalar ita ce nauyi. Na riga na sayi kan keken ɗinki mai aiki da lantarki, wanda na daɗe ina mafarkinsa. Da muka gwada kayana a sikelin wani mai sayar da shinkafa, sai ya zama dole ɗaya ya zauna. Na shafa keken nan, na bar shi a hannun Hamza, ko Allah zai kawo wani mai zuwa da sauƙin kaya. Ba zan ce ban ji zafi ba.

Ranar da za mu taso Kawu ya sa Hamza ya kawo rakoda. Ya kore mu duka daga ɗakin, ya rufe ƙofa, ya yi ta magana shi kaɗai har kaset ya cika. Ya ba ni, ya ce, "Ka ba Yaya. Kada ka saurara a hanya." A filin jirgi dattijo ya karɓi kwat ɗinsa ya rungume a ƙirji, ya ce ko Jahannama za a kai shi ba zai ƙara barin sa ba, sannan ya yi istigfari.

Mun iso Jos da yamma, sanyi bai tafi ba. Na kira mai gyaran wuta ya canza wa daffayar fulogi, ya ja mata waya mai kauri da soket nata ita kaɗai. Inna ta zagaya ta, ta taɓa, ta ce, "Wannan ai ba wuta a cikinta. An cuce ka." Na toshe ƙasan ƙofa, matata ta rataya labulen da na ɗinka da tsohon bargo, muka zauna jira. Da Inna ta fara sassauta lulluɓi na dawo da maɓallin har ya yi ƙas, na ɗiga fenti. Na fita na dubi mitar gida: faifan da ke ta gudu ya koma tafiyar hawainiya. Kwana biyu bayan haka na tarar ta murɗe shi har ƙarshe tana gumi tana fifita, wai so take ya yi sauri. Na zauna na yi mata bayanin riga da keke. Ta ce ita ba tela ba ce, amma tun daga ranar ba ta ƙara wuce fentin ba. In an ɗauke wuta ƙarfen yana riƙe ɗumi na ɗan lokaci, daga nan sai bargo. Wannan kam ba ni da maganinsa.

Abin da tafiyar ta koya mini, ga mai son saye: kada ka tambayi yawan zafin da abu ke bayarwa kawai, tambayi ko ya san lokacin tsayawa. Ka karanta gindinsa kafin fuskarsa. Ka toshe inda ɗumi ke gudu kafin ka ƙara wuta. Kuma ka zaɓa da halin wanda zai zauna da abin, ba da naka ba.

Kaset ɗin kuwa na aro rakoda na sa mata. Ta zauna a kan buzu da mayafi ɗaya, muryar Kawu ta cika ɗakin. Yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa, tana amsa masa, "Ya rasu, Ilu. Ita ma ta rasu." Wani wurin ta yi dariya, wani wurin ta juya mana baya. Da ya ƙare ta ce a mayar farko. Sai da muka saurara sau uku, ban ji ta yi tari ba ko sau ɗaya. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta dube ni.

"Gobe ka sayo mini kaset wanda ba kowa a ciki," ta ce. "Ni ma ina da magana, kuma yanzu ina da numfashin yin ta."